Hannun Kawunka Mutari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Illiya Bakanike, a Matameye, zuwa gare ka ɗana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Arlit lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya, da ƙishirwa, da lalacewar mota a inda babu inuwa. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na cusa takardar a cikin tsumman da na naɗe maka sifanu, don na san ba za ka kwance shi ba sai ka isa. Da hannuna na rubuta, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri. Ban kai wa mai rubutu na bakin kasuwa ba, don maganar ba ta kunnen wani ba ce. Kai ne ɗan farina, ka san ba na iya zaunar da kai ido da ido in ce ga inda na yi kuskure. A takarda ya fi mini sauƙi.

Na san injinan da za ka tarar can manya ne, na gazuwal, wato man dizal, ba buji mai ba da tartsatsin wuta, ba delko mai raba wa buji wutar. Wataƙila su yi maka dariya in sun ji a kan tsohuwar taraktar gyaɗa ka koyi aiki. Bar su su yi. Ni dai a kanta na yi yawancin kurakuraina, don haka a kanta zan yi maka magana.

Ina saurayi na shiga garejin Malam Bukar, wani Babarbare da ya zo daga Damagaram lokacin da gyaɗa ke da daraja. Ba ka san shi ba, ya rasu kana goye. Ko a lokacin taraktar nan ta tsufa. Wani Bature mai sayen gyaɗa ne ya tafi ya bar ta, ga ta mai shan fetur, kuma da manibel ake tayar da ita, ƙarfen nan da ake murzawa da hannu ta gaba. Wata rana Malam Bukar ya ce in mayar da delko in saita wuta, shi ya tafi ya zauna ƙarƙashin dalbejiya. Na leƙa ta ɗan ramin nan na jikin inji, na juya inji har alamar da ke jikin babban faifai ta zo daidai, na ɗaure komai ina jin kaina. Na yi ta murza manibel har hantsi, ba ta ce uffan ba. Can sai ta yi wata tari ta karburato, wuta ta fito ta babbake mini gira. Sai a nan ya taso.

Ya ce, “Ka cire bujin farko?”

Na ce, “A’a Malam, ai na ga alama.”

Ya ce, “Alamar sau biyu take zuwa. Wanne ka kama?”

Ya cire bujin, ya kama babban yatsana ya toshe ramin da shi, ya murza a hankali. Zagaye na farko ban ji komai ba. A na biyu iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya ce to, a wannan zuwan ake neman alama. Sannan ya nuna mini sauran: a fara gyara tazarar bis, waɗannan ’yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa cikin delko, a sa takardar taba a tsakaninsu, a juya jikin delko sannu sannu har takardar ta fara zamewa, a nan wuta ke tashi, a nan za a ɗaure. Bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Girata ce kawai aka yi ta yi wa dariya a kasuwa.

Shawarata a nan gajeriya ce. Abin da idonka ya gani, sa hannu ya tabbatar kafin ka ɗaure. Kuma in babba yana zaune kusa, tambaye shi tun da safe. Hantsin da na ɓata ina murza, kunyar tambaya ce ta jawo shi.

Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban yana zuwa, kuma ka girma kana ganinsa kullum ba ka san nawa ba ne.

Shekarar babban fari, wadda kake da wayo kaɗan, gero bai yi ba, rijiyoyin ƙauyuka suka ƙafe, makiyaya suka gangaro daga arewa da ’yan dabbobin da suka rage musu. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki. Sabon kwamandan da aka kawo ya ce duk abin da ke da ƙafa a garin nan sai ya ɗauki hatsi ko ruwa. Kamyo, babbar motar kaya, ba ya shiga yashin da ke bayan Icirnawa, sai aka tuna da taraktar, wadda ta daɗe a ajiye kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Aka haɗa ni da wani saje, aka ce in tayar da ita ta ja tankin ruwa zuwa wani ƙauye da ke can ciki. Direban kuwa kawunka Mutari ne, ƙanen innarka, lokacin yana da ƙarfinsa, shi kaɗai yake ɗaga buhu ya jefa a kan amalanke.

Na tayar da ita, na saita wuta yadda aka koya mini, ta yi tafiya ɗaya. Amma da tanki cike, a cikin yashi, tana tafiya kamar tsohon jaki. Da suka dawo saje ya same ni. Ba mugun mutum ba ne, shi ma akwai wanda ke tsaye a kansa, kuma ya ga abin da ya gani a ƙauyen.

Ya ce, “Bakanike, mutane na sha daga ƙasan tulu. Ina son tafiya biyu a rana. Ba ka da dabarar da za ta ƙara mata ƙarfi?”

Gaskiyar da ya kamata in faɗa ita ce: injin nan ya tsufa, fetur ɗin da muke samu na kwalba ne, wani har da kananzir a ciki, abin da take yi shi ne iyakarta. A rage ruwan tanki, a sassauta iskar taya, a fita tun asuba yashi na da sanyi. Duk na san wannan. Amma ina kallon kakinsa, ina kuma son a ce Illiya gwani ne. Sai na ce, “Akwai dabara, saje.”

Na kwance delko, na juya shi na sa wuta ta riƙa zuwa da wuri. Ban sa takarda ba, ban leƙa alama ba, da kunne kawai na yi, injin yana da zafi. Ya ɗauki murya mai daɗi, saje ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. Na tafi gida ina jin daɗi. Ban gaya wa Mutari na taɓa komai ba.

Ka san abin da wutar da ta zo da wuri take yi wa inji mai sanyi. Fistan bai gama hawa ba take kama shi, sai ta mayar da shi baya. Washegari da safe ina alwala Mutari ya riga ni zuwa gareji. Ya kama manibel yadda ya saba, don a saitin da ya sani ba ta taɓa yi masa gardama ba, ya danna da dukan ƙarfinsa. Ta dawo masa. Daga ƙofar gida na ji ihunsa. Na tarar da shi durƙushe a ƙasa, ya rungume hannun dama, wuyan hannun ya lanƙwashe ta inda ba a lanƙwasawa.

Abin da ya fara ce mini shi ne, “Yaya Illiya, yau me ya same ta?”

Aka ɗauke shi zuwa wurin maɗori.

Ɗana, in ka taɓa wani abu a jikin inji, komai ƙanƙantarsa, ka nemi wanda zai tayar da shi bayanka ka gaya masa da bakinka. In ba ka same shi ba, ɗaura tsumma a sitiyari, cire waya, yi wani abin da zai sa ya tsaya ya tambaya. Can inda za ka, injinan ba karya hannu suke ba, cire shi suke yi. Kuma in mai iko ya nemi abin da ƙarfe ba zai iya ba, ka gaya masa da ladabi, ka kawo masa abin da zai yiwu. Zai ɓata rai, amma ɓacin ransa zuwa la’asar ya wuce. Hannun kawunka har yau bai miƙe ba.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ruwa dai dole ya tafi, kuma babu direba, saboda haka ni zan tuƙa. Na sake kwance delko na mayar da shi baya. Tsoro ya sa na wuce da shi, na sa wuta ta riƙa zuwa a makare, don kada ta sake dukan kowa. Wannan karon ma ban sa takarda ba, don saje na tsaye yana duba rana, ni kuma ina jin nauyin in ce ya ba ni lokaci. Ta tashi lami lafiya, muka kama hanya, shi yana zaune a kan murfin taya da bindigarsa a cinya.

Tun kafin Icirnawa na san na yi ɓarna. Ba ta da ƙarfi ko kaɗan, tana shan mai kamar an huda tanki, bututun hayaƙi ya yi zafin da ba ka iya kusantarsa. Na ɓoye wa saje ina fatan mu kai. Da muka shiga yashi sai lagireto ya fara tafasa. Muka tsaya, na ɗebi ruwan mutane na ba inji. Muka ɗan taɓa, ya sake tafasa, na sake ɗiba. Rana ta take tsaka, ta mutu gaba ɗaya a wani fili da babu ko ƙaya mai inuwa.

Saje ya sauko. Na ɗauka mari zan sha. Sai ya tsuguna kusa da ni ya ce, “Gaya mini gaskiya, ka san abin da ke damunta?”

Na ce, “Na sani. Ni na ɓata ta, jiya da yau. In ka bar ni ta huce in yi aikin yadda ake yinsa, za ta kai mu.”

Ya ce, “To me ya hana ka faɗa tun a gari?”

Na ce, “Tsoronka.”

Sai ya jingina bindigar a jikin tanki, ya zaro kwalin tabarsa ya yage mini takardar ciki. Shi ya riƙe manibel yana juyawa a hankali, ni yatsana a ramin buji. Da iska ta ture ni na ce ya tsaya, na nemo alama, na sa takarda, na juya delko har ta zame, na ɗaure. Aikin duka bai kai tsawon cin tuwo ba. Na nuna masa yadda ake riƙe manibel, babban yatsa a gefe ɗaya da sauran, a ja sama kada a danna ƙasa. Ja biyu ta tashi, da muryarta ta asali.

Mun isa ƙauyen rana ta yi ja. Mata sun jera tuluna tun safe, wasu sun gaji sun tafi neman wata rijiya mai nisa da ba su da tabbacin akwai ruwa a cikinta. Ruwan da muka kawo ya ragu, ga shi ya yi ɗumi. Wani Bafillace yana zaune kusa da saniyarsa da ta kwanta tun azahar, ya jiƙa rawaninsa yana matsa mata a baki, amma ba ta tashi ba. Ban sani ba ko da mun zo da wuri da ta rayu, Allah ne masani, amma har yau ina tuna ta. Babu wanda ya zarge mu. Wata tsohuwa ma da ta cika ’yar ƙwaryarta sai ta miƙo mini ta ce, “Sha tukuna, ɗana, kai ka sha rana.” Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ka lura, kuskuren safiyar nan daban yake da na jiyanta. Na farko son yabo ne, na biyu firgita. In ka yi ɓarna, kada ka gyara ta kana firgice. Zauna, sha ruwa, ka koma farkon aikin kamar yau ka fara ganin injin. Kuma ka iya cewa, “A ba ni lokaci.” Ban taɓa ganin wanda aka ɗaure don ya faɗi haka ba. Ni da saje mun yi ta jan ruwan nan har damina ta sauka, tafiya ɗaya a rana, muna fita tun asuba, tanki ba a cike ƙwarai ba, kuma ba ta sake tsayawa da mu ba.

Saura abin da ya fi ba ni kunya. Na ƙi zuwa duba kawunka. Kullum ina da hujja: na dawo a gajiye, gobe da sammako. Ina aika masa da goro da ɗan abin da ya samu, amma ƙafata ba ta taka zaurensu ba. Ga shi maɗori ya ɗaure hannun, ga matarsa da ciki, ga yunwa a gari, shi kuma bai san ko zai sake riƙe sitiyari ba. Innarka ta zuba mini ido ta gaji. Wata rana ta ajiye mini fura ta ƙi tashi.

Ta ce, “Malam, Mutari yana tambaya ko ya yi maka laifi ne.”

Na ce, “Wane irin laifi?”

Ta ce, “Cewa yake ko don ya bar ka da aiki kai kaɗai kake fushi.”

Ban iya shan furar ba. Na tashi na tafi. Na same shi a zaure, hannun a rataye da tsumma, ya rame. Na gaya masa komai, yadda na juya delko, da dalilin da ya sa, da yadda na tafi gida ban faɗa masa ba. Na ga ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya.

Can ya ce, “Ai na yi zargin haka tun a wurin. Ita ba ta taɓa dukana ba.” Sannan ya ce, “Hannu dai ya riga ya karye, Allah Ya rubuta. Rashin zuwanka ne ya fi damuna. Ina nan zaune ina jin ƙararta tana wucewa da asuba, ina cewa yau zai leƙo.”

Ya yafe mini a zaman nan. Amma tuƙi ya ƙare masa, shi ya sa ka san shi da teburin kayan keke a bakin tasha. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa yadda abin ya faru ba, har innarka a bakina ta ji. Ka tuna da hannun hagu ya yi maka sallama jiya, yana yi maka ba’a wai ka kawo masa rediyo. Ka kawo masa.

In ka cuci mutum, da gangan ko da kuskure, je ka same shi tun abin na da zafi. Kunyar da ke hana ka zuwa, kai kake jin ta kunya ce, shi wanda ke kwance wulaƙanci yake gani. Saƙo da kyauta ba sa zama a madadin ƙafarka.

Na ƙarshe naka ne. Tun daga abin nan na zama mai tsanani a gareji, kuma a kanka ya fi sauka. Malam Bukar bai taɓa yi mini tsawa ba, ni kuwa na yi maka a gaban mutane, a kan sifana da ka ajiye a ƙasa, a kan waya da ka juya. Sau da yawa na fizge aiki daga hannunka kafin ka gama. Kana tsammanin ban yarda da kai ba ne. Tsoro ne, ɗana. Duk lokacin da na ga ka nufi gaban taraktar nan, Mutari nake gani a durƙushe. Amma tsorona ba hujja ba ce, ban kyauta ba, ka yafe mini. In Allah Ya sa wata rana an ba ka masu koyo, ka bar su su kai ƙarshen aiki, ka gyara musu a gefe.

Ga shi fari ya dawo, an rufe iyakar ƙasa, ko bis ɗin kirki ba a samu, an kuma sake cewa tsohuwar ta ja tanki. Makon jiya da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka goge tsoffin bis, ka saita wuta kai kaɗai. Da na warke ka ce in duba, na ce maka na ji, ban ƙara komai ba. Na ga yadda fuskarka ta yi. To ga abin da ba ka sani ba. Da ka tafi masallaci na koma na kwance delkon, don zuciyata ta ƙi yarda a ce babu abin gyarawa. Na matsa shi gaba kaɗan, ta fara ƙwanƙwasa. Na mayar da shi baya kaɗan, ta yi nauyi. Na cire buji, na nemo alama, na sa takarda, sai ga ni daidai inda ka bar shi, a kan ɗan zanen da ka yi da ƙusa. Na ɗaure, na share hannuna, na tsaya ni kaɗai a gareji ina dariya. Ya kamata in faɗa maka a ranar. Aikinka ya yi kyau. A kan saitinka za ta fita da ruwa, kuma ba zan sake taɓa shi ba.

Sauran ka san su. Ka riƙe salla ko aiki ya yi yawa. Ka nemi mutanen Damagaram da ke can ka gaishe su, amma kada ka raina abincin kowa ko harshen kowa. Kada ka shiga maganar gwamnati da wanda ba ka san shi ba. Kada ka sa riga mai faɗin hannu kusa da bel ɗin inji. Ka riƙa aiko wa innarka da saƙo ko na baki ne, don ba ta barci sosai tun da aka sa ranar tafiyarka.

Allah Ya tsare maka hannuwanka da idanunka. Ya haɗa ka da shugaba mai adalci da abokan aiki masu faɗin gaskiya. Ya kare ka daga cutar da wani, Ya kare wani daga cutar da kai. Ya saukar mana da ruwa, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Ni da innarka mun yafe maka duniya da lahira.

Wassalam.

Mahaifinka,
Illiya Bakanike, Matameye